Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Da Jaka a Baya a Kuala Lumpur

A makon jiya na tsaya ne inda aka rufe zangon karatu na farko, abokan ɗakina 'yan Malesiya kowa ya tattara ya nufi ƙauyensu, ni kuwa kuɗin jirgin zuwa gida ya fi ƙarfina. Da zaman kaɗaici ya ishe ni, sai na zuba 'yan riguna cikin jakar goyo, da ƙaramar darduma, da ƙullin yajin da Inna ta haɗa mini tun daga Zariya, na ce bari in je in ga babban birnin ƙasar da idona.

Kafin in tashi na kira Yayana a Tudun Wada.

"Yawon me za ka yi a garin da ba ka da kowa?" in ji shi.

"Yaya, ganin gari kawai."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ka kula da sallarka da aljihunka. Kuma kada Inna ta ji sai ka koma makaranta."

Ban ga laifinsa ba. A wurinmu tafiya sai da dalili: fatauci, neman ilimi, zumunci ko aikin Hajji. Mutum ya goya jaka ya shiga uwa duniya don kallo kawai, wannan a ganinmu aikin Turawa ne.

Daga Johor, inda makarantarmu take, na hau bas. Hagu da dama babu abin da ido ke gani sai gonakin kwakwar manja, layi-layi har ƙarshen gani. A gida mun saba jin cewa wai bayan mun sami 'yancin kai suka zo suka ɗebi irin a hannunmu. Gaskiya ne asalin itacen na Afirka ta Yamma ne, amma tun 1917 aka fara nomansa don kasuwa a jihar Selangor. Abin da suka fi mu kulawa ce kawai.

Na sauka a wani masaukin talakawan matafiya kusa da titin Petaling, unguwar 'yan Sin. Gadaje masu hawa biyu, bayi na kowa da kowa, maƙwabtana yawanci Turawa ne masu gajeren wando. Zafin garin kuwa ba irin namu na watan Maris ba ne mai busar da leɓe. Nasu jiƙa mutum yake, kana fitowa daga wanka gumi na biye da kai, da la'asar kuma hadari ya haɗu a zuba ruwa mai ƙarfi, a ɗauke, kowa ya ci gaba da harkarsa.

Asubar farko na taka da ƙafa zuwa Masjid Jamek, tsohon masallacin da aka buɗe a 1909 daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu. A nan garin ya samo asali, lokacin da ma'aikatan haƙar kuza 'yan Sin suka sauka wajen 1857. Mutanen ƙasar Shafi'awa ne. Liman ya bayyana bisimilla a fili, a raka'a ta biyu kuma bayan an ɗago daga ruku'u ya ɗaga hannu ya ja alƙunutu da ƙarfi, jama'a na amsawa da amin. Mu da muka tashi a Malikiyya a asirce muka san shi, kafin ruku'u. Wani dattijo da ke gefena, da aka sallame, ya kama hannuna da hannuwansa biyu sannan ya shafa ƙirjinsa. Ya tambaye ni ƙasata, na faɗa masa, ya yi murmushi ya ce ya taɓa zama a tanti kusa da 'yan Najeriya a Mina. Ya ce kuɗin Hajjinsa shekara da shekaru ya yi yana tara su a Tabung Haji, asusun da gwamnatinsu ta kafa tun 1963 don talaka ya riƙa ajiya kaɗan-kaɗan har ya kai. Na tuna da mahaifina da sai da ya sayar da gona kafin ya sauke farali.

Dogayen tagwayen benayen Petronas na je na gan su, hawa 88, mita 452, an gama su a 1998. Na ɗau hoto na tura wa Yaya, na wuce. Abin da ya riƙe ni yana can kusa da su, unguwar Kampung Baru, gidajen katako a kan turaku, da ayaba a tsakar gida, da kaji, benaye sun kewaye ta ta ko'ina. Tun wajen 1900 Turawan Ingila suka keɓe ta ga Malayawa zalla. Washegari na shiga jirgin ƙasa na cikin gari zuwa Brickfields, unguwar Indiyawa, inda ƙamshin turare da furanni da kiɗa suka tare ni tun daga bakin tasha. Da yamma na koma Petaling, inda sai da na riƙa duba tambarin halal kafin in zauna cin abinci, don ana sayar da naman alade a fili.

A nan ne abin ya faɗo mini. Ai ni wannan tsarin na san shi tun ina yaro. Birnin Zariya na 'yan gari, Tudun Wada na baƙin Arewa, Sabon Gari na mutanen Kudu da jirgin ƙasa ya kawo. Mai mulki ɗaya ne ya zana taswirar tasu da tamu. Kuma kada wani ya ce muku zamansu lafiya lau yake tun fil'azal. A ranar 13 ga Mayu 1969 rikici ya ɓarke tsakanin Malayawa da 'yan Sin a wannan birni bayan zaɓe, aka rasa rayuka da yawa, abin da ya sa daga 1971 gwamnati ta fito da tsarin fifita 'yan ƙasa Malayawa a karatu da aiki da kasuwanci. Wani Basine mai shagon gyaran waya ya yi mini ƙorafin wannan tsarin ƙasa-ƙasa, yana waige. Ban ga wata ƙauna ta musamman a tsakaninsu ba.

Abin da na gani shi ne shagon mamak. Indiyawa Musulmi ne ke riƙe da su, wasu ba sa rufewa dare da rana. Da yake abincin halal ne, mace mai hijabi na iya zama, Basine na iya zama, Bahindu ma haka, kowa da shayinsa da ake zubowa daga sama har ya yi kumfa, da burodin roti canai mai laushi da ake tsomawa a miyar wake. Idan ana ƙwallon Ingila kuwa, ihu ɗaya suke yi. Ni ma a can na tare, don a can ne kuɗina ke isa. Ranar da na ciro yajin Inna na barbaɗa a kan shinkafa, yaron shagon ya roƙi ya ɗanɗana, ya lasa, ya ce a ƙara masa.

A wannan shagon ne wani dare, ina ƙirga sauran ringit ɗina, wato kuɗin ƙasar, na ji an ce a bayana, "Kai, wallahi ba zan biya haka ba." Na juya da sauri. Wani mutum ne da jamfa da hula zanna bukar, waya a kunne, yana cinikin kwantena da wani a Kantin Kwari. Na yi masa sallama. Ya sauke wayar ya dube ni, ya dubi jakata.

"Malam, daga ina?"

"Daga Zariya, Alhaji."

"Zazzagawa har nan? Ɗauko jakarka, ba za ka sake kwana cikin Turawan nan ba."

Yadda na bi shi kasuwar Chow Kit, da aikin tafinta da ya ba ni har na sami kuɗin komawa Johor, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.