Ruɗewar dare ɗaya ba gigin tsufa ba ce

Sana'armu jinyar tsofaffi a gidajensu, nan cikin Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Sabuwar Unguwa. Kiran da muka fi samu shi ne: "Sista, Baba ya rikice tun jiya, ba ya gane kowa." Kafin mu iso an yi turare, an yi tofi, wata gwaggo ta yanke hukunci cewa gigin tsufa ne. Addu'a kam ba na hana ta. Amma gigin tsufa a hankali yake shigowa, wata da watanni. Wanda ya kwanta garau ya tashi yana kiran mamata, wani abu ne ke cin jikinsa, kuma galibi yana da magani.

Da na zauna, yatsa nake fara sokawa in auna suga. Mai ciwon suga da ya sha ƙwayar rage suga ta glibenclamide bai ci abinci ba, sugansa kan faɗi ƙasa da 70, sai gumi da sambatu. Sannan in ce, "Baba, fito mini da harshe." In ya bushe ƙayau, musamman a zafin Afrilu ko cikin azumi, ƙishirwa ce. In tambayi launin fitsari da warinsa, in dafa mara ko fitsari ya taru ya ƙi fita, in ji rabonsa da bayan gida. Ciwon huhu da ciwon mafitsara kan kama tsoho jikinsa bai ko yi zafi ba. Sai a zazzage mini ledar magunguna a kan tabarma, a nan nake tsintar masu rikita tsoho irin su Piriton da Valium da tramadol da aka sayo a kemis. In baki ya karkace ko hannu ya saki, ba zama, sai Asibitin Koyarwa na Tarayya.

Wata tsohuwar metiron da ta koya mini aiki, Allah ya jiƙanta, ta kan ja hannuna ta wuce gadon mai ihu, ta tsayar da ni gaban wadda ta yi lamo tana ta barci. Ita ce ake mantawa da ita, alhali ciwon ɗaya ne.

Abin da ke ƙona mini rai masu farar riga na bogi. Rabin farashinmu suke karɓa, su danna wa dattijo allurar barci, gida ya yi tsit, iyali su ce aiki ya yi kyau. Bayan kwana biyu a kira mu ya galabaita, kuma ɗan ya tsaya a zaure yana cewa, "Haba Sista, a rage mana, wancan ma bai karɓi haka ba."