Tankin Mai a Bayan Kujera: Abin da Na Koya Kafin In Bar Garejin

Mafi yawan tsofaffin motocin a-kori-kura da ake kawo mana, musamman Chevrolet C10 ƙirar 1967 zuwa 1972 da takwararta Ford F-100 ta wancan zamani, an ƙera su ne da tankin mai a cikin gidan gaba, a tsaye a bayan kujera, babu abin da ya raba shi da bayan direba sai majingina. Tanki ne mai cin kusan galan 20, wato wajen lita 75, kuma bakinsa yana fitowa ta gefen direba, dab da ƙofa. Idan robar wuyansa ta tsufa ta tsattsage, warin fetur ne ke cika gaban motar, sannan duk kwanar da aka sha mutum yana jin man yana kaiwa da komowa a bayansa. Wannan ne ya sa masu irin waɗannan motoci suke so a cire tankin a mayar da shi ƙarƙashin bodi, tsakanin ƙarafan shasi biyu, a bayan aksul, inda tayar safaya take zama. A ƙarshen wannan wata zan bar garejin da nake aiki a bayan garin Houston, a jihar Texas ta Amurka, kuma tun da a kan wannan aiki ne na fi daɗewa, a kansa kuma aka ɓata mini suna, na ga ya dace in rubuta abin da na sani domin 'yan'uwa makanikai da za su zo bayana.

Abu na farko da ya kamata sabon shiga ya fahimta shi ne, fitar da tanki daga gidan gaba ba ya nufin an sami aminci. Kamfanin General Motors, mai ƙera Chevrolet, da kansa ya fitar da shi a ƙirar 1973, amma sai ya rataye shi a wajen ƙarfen shasi, a gefen mota, inda falle ɗaya na bodi ne kawai ya kare shi idan wata mota ta daki gefen. An ci gaba da wannan tsari har 1987, kuma ya jawo ƙararraki a kotu da binciken hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasa. A 1992 gidan talabijin na NBC ya nuna irin wannan mota tana kamawa da wuta, daga baya aka gano an ɗaura mata abin tayar da wutar, har gidan ya fito ya nemi afuwa a watan Fabrairun 1993. Duk da haka maganar ba ta mutu ba sai a Disambar 1994, lokacin da sakataren sufuri Federico Peña ya amince General Motors ya biya dala miliyan 51 ga ayyukan kare haɗari maimakon a janye motocin. Kamfanin ya tsaya a kan cewa motocinsa sun cika ƙa'idar gwamnati, amma a sabuwar ƙirar 1988 ya mayar da tankin cikin shasi. Idan manyan injiniyoyi sun shafe shekaru suna jayayya a kan inda tanki zai zauna, bai kamata wani a ƙaramin gareji ya ɗauki aikin a matsayin ɗaure noti huɗu kawai ba.

Fomanmu haka ya ɗauke shi. Motar da ta haɗa mu C10 ce ƙirar 1970 mai injin 350, ta wani dattijo da ya ce jikokinsa suna son shiga, amma uwarsu ta hana saboda warin mai. Yana so a gama kafin wani bikin baje kolin tsofaffin motoci, foman kuwa ya riga ya yi masa alkawarin rana ba tare da ya tambayi kowa ba. Ni aka ba aikin, sunana ne a katin aikin, wato takardar da ake rubuta wanda ya yi gyaran. Na sauke safaya, na ɗaga sabon tankin na ɗaure shi, na tabbatar yana sama da ƙasan bamba kuma aksul ba zai taɓa shi ba ko da an loda kaya sifirin ya kwanta. Na huda katakon daɓen bodi na fitar da bakin zuba mai. Saura abubuwa uku: bututun ƙarfe da zai bi cikin shasi ta hannun dama har zuwa famfon mai da ke gaban injin, farantin kare zafi a inda salansa biyu suka ratsa gefen tankin, da kuma kafar numfashi, wato inda iska ke shiga tanki tana fita, tare da bawul ɗinta mai toshe kansa idan mota ta kife. Bawul ɗin bai iso ba, bututun kuma yana buƙatar yini guda na lanƙwasa da gwaji.

Foman ya zo ya tsaya a kaina ya ce lokaci ya ƙure. Ya ce in ɗauko tiyon roba daga kanta in ja shi tun daga tanki har injin, in ɗaure da igiyar roba irin ta waya, in toshe kafar numfashin da noti, murfi zai wadatar. Na ce masa, “Oga, wannan murfi na cikin bodi ne, rufaffe ne ruf, yana da roba a bakinsa, iska ba ta shiga ba ta fita.” Na ciro shi na nuna masa robar. Bai karɓa ba, bai ma dube shi ba. Ya ce shekararsa talatin yana wannan sana'a kafin in san hanyar filin jirgi, kuma a nan ba irin gyaran da na saba a bakin titi ake yi ba. Wannan magana ta biyu ita ce ta fi tsaya mini, domin gyaran bakin titin shi ne ainihin abin da yake umurtata in yi.

Ga wanda bai taɓa ganin illar toshe wannan kafa ba, abin yana da fuska biyu. Idan mota tana tafiya, famfo yana zuƙar mai, kuma dole iska ta shiga ta maye gurbin abin da aka zuƙe. Idan babu hanya, sai tankin ya riƙe man, injin ya fara shaƙewa, ya mutu a tsakiyar hanya, wani lokaci har cikin tankin ya lotsa. Idan kuma mota tana ajiye a rana, abin sai ya juya. Fetur yana kumbura da kusan kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin Celsius, tururinsa kuma yana taruwa, kuma zafin Texas a watan Yuli ba ya barin komai. Matsin nan sai ya nemi wuri mafi rauni, ko dai ya tura mai ya cika kafireto, ko ya ɓulla ta bakin tiyo inda ɗaurin bai kama ba. Ga shi kuma mafi yawan fetur ɗin ƙasar nan yana da kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol, wanda yake cin tsohuwar roba ta ciki tun kafin a ga alama a waje. Tiyon da ya kai tsawon mota, yana lilo kusa da salansa, yana ɗauke da mai mai matsi, ba abin da zan sa hannu a kai ba ne, kuma na gaya masa haka cikin ladabi.

Bai yi gardama ba, sai ya ce in koma kan wata mota mai matsalar burki. Ranar Asabar, wadda ba ranar aikina ba ce, ya sa wani yaro da bai daɗe da fara koyo ba ya ƙarasa aikin yadda ya faɗa. Ranar Litinin na tarar motar ta tafi, katin kuma an rufe shi da sunana a kai, ba a ƙara sunan kowa ba.

Ba a jima ba aka jawo ta. Ta mutu wa dattijon a kan babbar hanya, da jikansa a ciki, manyan motoci suna wucewa ta gefensu. Da na buɗe murfin, iska ta shiga da ƙara kamar an fasa kwalbar lemo, tankin ya yi ƙaf ya dawo daidai. Na shiga ƙarƙashi da fitila. Igiyar roba biyu sun narke, tiyon ya sauko ya kwanta ɗan yatsa biyu daga salansar dama, bayansa ya yi bororo ya taurare, kuma da na matsa shi da farce sai ya tsage, danshin mai ya fito. Na ɗauki hotonsa kafin in taɓa komai. Allah ne ya tsare, kuma ina ganin mutuwar injin ce ma ta zama sanadin tsirarsu, domin da ta ci gaba da tafiya a haka, tiyon ne zai fara fashewa a kan ƙarfe mai zafi.

A gaban dattijon, da mai garejin, da sauran ma'aikata, foman ya ɗaga katin ya karanta sunana. Ya ce ya yi ƙoƙari da ni, amma akwai abin da mutum ba ya iya koya idan bai tashi a cikinsa ba. Yaron yana tsaye a bayan wata mota, kansa a ƙasa. Na ce ba ni na ja tiyon ba, kuma na ƙi wannan tsari tun farko. Foman ya ce in nuna inda aka rubuta haka. Babu inda aka rubuta. Mai garejin mutum ne da ba ya son hayaniya a gaban mai kawo aiki, sai ya yanke cewa in sake aikin. A tsarin biyan da muke kai, ana biyan makanike ne da awannin da aka ƙiyasta wa kowane aiki, kuma aikin da ya dawo ana sake shi ne kyauta. Wato aka ɗora mini laifin, aka kuma ɗora mini kuɗinsa.

A Kaduna na koyi sana'a, a kan Peugeot 404 da 504, a hannun maigida wanda ba ya sassauci ko kaɗan. Zai yi maka faɗa har ka ji kamar ka ajiye sifana ka tafi. Amma idan mota ta dawo, shi yake fita ya tari mai ita, ya ce laifinmu ne, za mu gyara, ko da kuwa ɗan ƙaramin yaro ne ya manta noti. Yakan ce babba juji ne. Na zo nan da zaton haka shugabanci yake a ko'ina, cewa wanda ya ba da umurni shi zai tsaya a gabansa idan ya ɓaci. Ban ga laifin yaron ba, kuma ban tona shi ba, domin an sa shi ne, kuma daga baya ya same ni a keɓe ya faɗa mini yadda aka yi da hawaye a idonsa. Abin da har yau ban iya haɗiyewa ba shi ne, mutumin da ya san gaskiya sarai ya zaɓi wanda ya fi sauƙin ɗora wa laifi, baƙo mai wani irin harshe, ya kuma yi hakan ba tare da muryarsa ta yi rawa ba.

Na sake aikin yadda na so tun farko. Na lanƙwasa bututun ƙarfe na bi da shi ta cikin ƙarfen shasi, na kama shi da maɗaurai masu roba a ciki domin kada girgiza ta cinye shi, na bar ɗan guntun tiyo mai jure itanol a wurare biyu kawai, a bakin tanki da bakin famfo, inda dole a sami sassauci. Na sa farantin kare zafi. Na ɗaga kafar numfashin sama da bakin zuba mai, bawul ɗin a tsaye, ƙarshenta a waje inda tururi ba zai taru ba, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya yana jiran tartsatsi. Na cika tankin, na bar motar a rana, na tuƙa ta, na sake shiga ƙarƙashi da farar takarda ina bin kowace mahaɗa. Da dattijon ya zo ɗauka, ya nemi a ɗaga masa ita ya gani da idonsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ɗana, hannun da ya yi wannan ba shi ya yi wancan ba.” Na ce, “Yallaɓai, na gode.” Ban ƙara komai ba. Bayan haka ya turo mana mutum biyu, kuma kowannensu da sunana ya zo.

Sauran darussan ƙanana ne. A duba fulotar tanki, wato abin da ke auna yawan mai a cikinsa, ta dace da gejin mai, domin ta Chevrolet tana tashi daga om 0 zuwa 90 (om ma'aunin turjiyar lantarki ne), ta Ford kuwa daga 73 zuwa 10, shi ya sa tankin motar Ford Mustang da ake yawan sa wa F-100 zai karanta a juye idan aka kai shi cikin C10. A ja wa fulotar wayar ƙasa ta kanta, wato wayar da ke kammala zagayen lantarki, zuwa shasi. Idan famfon lantarki za a sa, a sa shi kusa da tanki kuma a ƙasa, domin ya fi iya turawa fiye da zuƙa, tare da makashin da zai yanke shi idan an yi karo. A gaya wa mai mota tun farko cewa safaya za ta rasa wurinta, kuma bakin mai na cikin bodi yana nufin sauke kaya kafin a sha mai. Kada a kusanto da walda ko injin yanka sai tsohon tanki ya bar ginin gaba ɗaya, domin wanda babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari.

Sai kuma maganar kati. Duk umurnin da ya shafi mai, burki ko sitiyari, wanda ka ga ba daidai ba ne, ka rubuta ƙin amincewarka a jikin katin da kwanan wata, ka ɗauki hotonsa, kuma idan aka ɗauke ka daga aiki ka tabbatar an rubuta inda ka tsaya. Wanda yake da niyyar tsayawa a kan maganarsa ba zai ji haushin wannan ba. Da na miƙa takardar barin aiki, na roƙi mai garejin ya cire wancan aikin daga jerin waɗanda suka dawo da sunana, tun da yanzu ya san yadda aka yi. Ya ce magana ta wuce, a bar ta. Foman yana nan a matsayinsa. Hotunan tiyon da na aikin da na sake suna hannuna, kuma zan nuna su ga duk wanda zai ɗauke ni aiki idan ya tambaya.