Godiyata ga duk wanda ya sa hannu a aikin ganyen nan na Mambila

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Shekaranjiya da daddare har na kashe fitila sai saƙo ya shigo waya daga editan mujallar da muka tura wa aikinmu, cewa sun karɓa za a buga. Sau uku na karanta kafin na tashi uwargida. Shekara huɗu da 'yan watanni kenan tun ranar da na fara ɗora ido a kan wannan tsiro a wani ɗan kurmi a kan tsaunin Mambila, jihar Taraba, yau ga shi masana sun yarda jinsi ne da ba a taɓa rubuta bayaninsa ba. Tun jiya waya ba ta huta ba, wasu ma ban samu na amsa ba, shi ne na ce gara in zauna in rubuta godiya guda ɗaya kowa ya gani.

Da yawa suna tambaya wai wane irin tsiro ne haka. Dangin agugu ne, tsofaffinmu sun san agugu, saiwar nan da ake sha don tsila, mu kuma a aji fen muke ce wa danginsu gaba ɗaya. Ba sa fure, ba sa 'ya'ya, ba su da ƙwayar iri irin ta gero ko wake. Sabon ganyensu a nannaɗe yake fitowa kamar wutsiyar hawainiya sannan ya warware a hankali, kuma in ka juya bayan ganyen da ya ƙosa za ka ga wasu layuka ko ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, a nan ƙurar da suke yaɗuwa da ita take. Ƙurar in ta faɗi wuri mai danshi sai ta fitar da wani ɗan ƙaramin abu kore da bai kai farce ba, a jikinsa ake haɗuwar namiji da mace kuma dole sai da ruwa, shi ya sa mu mutanen ƙasar Hausa ba mu cika ganinsu ba sai a bakin rafi ko cikin tsagin dutse. A duniya sun haura jinsi 10,000. Namu yana cikin zuriyar Asplenium, wadda ita kaɗai tana da kusan 700, to ka ga, a ce wannan sabo ne ba magana ce ta fatar baki ba.

Godiyata ta farko bayan Allah ga Baba take, dattijon da ya yi mana jagora a daji. Wallahi ba ni na gano tsiron nan ba, Baba ne ya nuna min. Mun wuni muna tsinkar samfura a gefen wani rafi can ɓangaren Ngel Nyaki, hazo ya rufe ko'ina ga sanyi har cikin ƙashi, ni na riga na gaji na ce mu koma, sai ya tsaya a gindin wata bishiya da gansakuka ta lulluɓe ya ce min, yaro, wannan da ka sa a jaka ɗazu da wannan ba ɗaya ba ne. Na ce Baba ai iri ɗaya ne. Ya ce a'a, taɓa ka ji. Na taɓa, ganyen ya fi kauri, kuma sandar ganyen baƙa ce wuluk daga ƙasa har kusan tsakiya, ya ce shi tun yana yaro yana kiwo yake ganinsa kuma bai taɓa ganinsa a ƙasa ba sai a jikin itace inda rana ba ta kaiwa. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba, Fulatanci da Hausa kawai yake ji, amma idonsa ya ga abin da ni da digiri biyu na wuce. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Allah Ya raya maka zuri'a.

Daga nan wahala ta fara. Ganyen da muka ɗebo karon farko duk babu layukan nan a bayansu, kuma fen da babu su kamar mutum ne ba katin shaida, ba mai karɓar maganarka a kansa. Sai da na jira wata damina na sake hawa. Wanda ya san hanyar nan daga Serti zuwa sama ya san abin da nake faɗa, kwana-kwana a gefen rami, in an bar kwalta kuma sai taɓo. A tafiya ta biyu muka faɗi da babur a gangara na goce a kafaɗa, ɗan acaɓan da ya ɗauko ni shi ma ya ji ciwo a gwiwa amma bai tafi ya bar ni ba, shi ya kai ni wurin mai ɗori kuma ya koma ya tsinto min katakon matse ganye daga cikin ciyawa. Ɗan'uwa, ka ƙi karɓar ko sisi a ranar, ban manta ba.

Sai matsalar busarwa. Ana jera ganye ne a tsakanin tsofaffin jaridu a matse da katako biyu a ɗaure da igiya, to a Mambila da damina ko riga ka shanya sai ta kwana uku ba ta bushe ba, rabin samfuranmu suka yi fumfuna. Innar da muka sauka a gidanta ita ta ceci sauran, ta ce a ɗora katakon a saman murhunta nesa da harshen wuta, kullum da asuba kafin ta ɗora koko sai ta taya ni canza jaridu. Samfurin da yanzu zai zama na asali, wanda duk mai son sanin wannan jinsi har abada shi zai koma ya duba, a kicin ɗin Inna ya bushe. Allah Ya saka miki da Aljanna.

Malamina Farfesa, ranka ya daɗe, na gode. Ranar da na shigo ofis ina rawar jiki na ce na samo sabon jinsi, ba ka yi dariya ba kuma ba ka taya ni murna ba, ka miƙo min littafin Alston na 1959 a kan fen na Afirka ta Yamma ka ce in je in nemo sunansa a ciki, in na rasa in dawo. Da na dawo ka ce saura na Kamaru, tunda tsaunukan nan a haɗe suke da nasu kuma tsiro bai san iyaka ba. Littafin Tardieu-Blot na 1964 da Faransanci yake, nan kuma abokina ɗan Maraɗi ya shigo, watanni muna waya da daddare yana fassara min layi-layi, wani lokaci katinsa ya ƙare ya sake sawa ya kira. Aboki, Allah Ya bar zumunci.

Na gode wa ma'aikatan ma'adanar busassun tsirrai ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, musamman Mama da ke kula da kabad-kabad ɗin, sati biyu tana fito min da fayil bayan fayil, wasu takardun sun girmi mahaifina, kuma ita ta koya min yadda ake ɗinke samfuri a kan takarda ba tare da ganye ya karye ba. Samfuran da ke ma'adanar Kew a Ingila da ta Faris kuwa hotunansu na duba ta intanet, kuma duk wanda ya zauna ya ɗauki waɗannan hotuna ya sa su kyauta, bai san ni ba amma ya taimake ni.

Mujallar farko da muka tura wa ta dawo mana da aikin. Ba zan ɓoye ba na yi kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Ɗaya daga masu bitar ya ce mai yiwuwa tsiron nan barbarar yanyawa ne tsakanin jinsi biyu da aka riga aka sani, don 'yan Asplenium sun shahara da haka. Daga baya na gane gaskiya ya faɗa, ya kamata mu kawo hujja. In barbara ne ƙurarsa takan fito a motse ba siffa, ba ta tsirowa. Sai ni da ɗalibaina biyu muka zauna a gaban maikuroskof muna fasa 'yan jakunkunan ƙurar da bakin allura muna ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, kowace jaka 64, cikakku masu kyau, kamar yadda ake samu a jinsin da ke haihuwa da kansa. In an ɗauke wuta mu jira, in an kawo mu ci gaba, yaran nan har ranar Asabar suna zuwa ba wanda ya biya su. Sannan gutsuren ganyen da muka adana a cikin silika mai tsotse danshi aka duba ƙwayoyin gadonsa, sashen da ake kira rbcL da wani guda, ya fito a reshensa daban kusa da 'yan uwansa amma ba cikinsu ba. Takardar izinin fitar da wannan ɗan gutsure kaɗai ta cinye mana wata bakwai a wani ofis, na bar wa Allah wannan.

Masu cewa in faɗi sunan, ku yi haƙuri tukuna. A ƙa'idar raɗa wa tsirrai suna, suna ba ya tabbata sai an buga shi tare da bayanin siffarsa kuma an faɗi samfurin asali da inda aka ajiye shi, in na rubuta shi a Facebook yanzu ya zama abin da ake kira suna tsirara, ba shi da daraja. Da can dole bayanin ya kasance da Latin, sai daga 1 ga Janairun 2012 aka yarda da Turanci, har da bugawa ta intanet. Sunan dai kalma biyu ne kamar yadda ake yi tun zamanin masanin tsirrai Linnaeus a 1753, ta farko Asplenium, ta biyu kuma sunan Baba ne da ɗan ƙarin harafin Latin a ƙarshe. Na nemi izininsa, ya yi shiru can ya ce to in dai ba zai jawo wa kowa fitina ba. Wurin da tsiron yake ma ba mu bayyana shi dalla-dalla ba, don a kurmi biyu kacal muka same shi kuma duk rani wutar da ake sa wa ciyawa tana ɗan cin bakinsu.

Hajiyata, ke da kika sayar da tinkiyarki kika ba ni kuɗin mota a tafiya ta uku ba ki ma tambaye ni me ganyen zai yi min ba, addu'arki ce. Uwargida, kin riƙe gida da yara ina can ba netwok sati-sati, kin haƙura da ɗaki cike da jaridu da warin hayaƙi, na gode, na gode. Yayana da ya biya kuɗin gwajin ƙarshe, Allah Ya mayar da ninkinsa. Mahaifinmu bai ga wannan rana ba, don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Wanda na manta ban ambata ba ya yafe min, ba raini ba ne. In Allah Ya kai mu takardar ta fito zan sa ta a nan, kuma zan buga zanen ganyen babba in sa a firam in hau Mambila da kaina in kai wa Baba da Inna.