Neman takardun zama ɗan Amurka na 'yan Italiya: shawara ga sababbin masu binciken asali

Ƙannena masu shiga aikin binciken asali, abin da ya fi cinye wa mutum lokaci a wannan fanni shi ne ya buɗe shafukan intanet na binciken asali irin su FamilySearch ko Ancestry ya rubuta sunan kakan da ake nema, yana jiran takarda ta faɗo. Suna shi ne abu mafi rauni a hannunka. Giuseppe yana sauka Amurka ya koma Joseph, Giovanni ya koma John, Vincenzo kuma sau da yawa James ake kiransa, ga magatakardan kotu yana rubuta sunan dangi yadda kunnensa ya jiye masa. Fara da tambayoyi biyu: a ina mutumin ya zauna, kuma a wace shekara aka ba shi zama ɗan ƙasa?

Amsar tana cikin ƙidayar jama'ar Amurka. A ƙidayar 1900 zuwa 1930 akwai gurbin da ake sa alama: Al na nufin har yanzu baƙo ne, Pa ya shigar da takardar farko ta neman zama ɗan ƙasa, Na an riga an ba shi. Ƙidayar 1920 ta fi sauran amfani domin tana faɗin shekarar. Sai dai kada ka dogara da ita gaba ɗaya, don sau da yawa mata ko maƙwabci ne ya ba da amsa a bakin ƙofa. Ƙara shekara biyu ko uku gaba da baya.

Da ka samu shekarar, auna ta da ranar 27 ga Satumba 1906, domin ita ke raba aikin gida biyu. Kafin wannan rana kowace kotu mai ajiye rajista tana iya ba mutum zama ɗan ƙasa, ta tarayya ce, ta jiha, ta gunduma ko ta birni, kuma babu kwafin da ake aikawa Washington. Takardun lokacin ba su da nama sosai: suna, ƙasar da ya bari, rana, wani lokaci shi ke nan. Kada ka sa rai za ka ga sunan ƙauyensu a yankunan Italiya irin su Sisili ko Kalabiriya. Daga 1906 aka daidaita fom ɗin, aka riƙa rubuta garin haihuwa, ranar haihuwa, jirgin ruwan da ya kawo shi, sunan matarsa da 'ya'yansa, daga 1929 har da hoto. Kwafin kowanne yana hannun USCIS, hukumar shige da fice da zama ɗan ƙasa ta Amurka, a cikin abin da suke kira C-File, wanda ya ƙunshi na 1906 zuwa ƙarshen Maris 1956.

Wurin ajiya ya danganta da kotun. Na kotun tarayya suna rassan ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, wato NARA. Na kotun gunduma suna ofishin magatakardan gundumar ko ma'ajiyar jihar. Mutane da yawa sukan nema a NARA, a ce musu babu, su yanke hukunci kakan bai taɓa zama ɗan ƙasa ba, alhali takardar na kwance a kotun gundumar da ke kusa da gidansa.

Takardun ma biyu ne. Ta farko ita ce bayyana niyya, Declaration of Intention. Ta biyu ita ce roƙon kansa, Petition, wanda ake shigarwa bayan aƙalla shekara 2 da ta farko da shekara 5 na zama a ƙasar. Ganin ta farko kaɗai ba hujja ba ce cewa an ba shi. Bayan 1906 tana mutuwa idan ta shekara 7, kuma leburan da ya bi aikin ma'adinai ko layin dogo yana iya yin ta farko a Pennsylvania ya ƙarasa a Ohio. Ranar da ya yi rantsuwa ita ce ranar zama ɗan ƙasa, tana kan takarda ta biyu.

Kada ka wahalar da kanka neman takardar mace mai aure kafin 22 ga Satumba 1922. Har zuwa ranar da dokar Cable ta fara aiki, mace kan bi mijinta ne, 'ya'ya 'yan ƙasa da shekara 21 kuma su bi mahaifinsu. A jerin fasinjojin jirgi kuwa, matan Italiya da sunan gidan ubansu suke tafiya. Wanda ya yi soja a yaƙin duniya na farko shi ma hanyarsa dabam ce: dokar Mayu 1918 ta yafe masa takardar farko, rajistarsa kuma tana kotun da ke kusa da barikin da aka horar da shi.

Ka shirya wa yiwuwar cewa babu takardar kwata-kwata. 'Yan Italiya da dama sun zo neman kuɗi ne su koma gida, wasu sun tsufa a Amurka a matsayin baƙi. Idan ka ga sunansa a rajistar baƙi ta 1940, to a lokacin bai zama ɗan ƙasa ba. Mai buƙatar shaida a hukumance sai ya nemi takardar rashin samuwar rajista daga USCIS, ya haɗa da wasiƙun "ba a samu ba" daga NARA da gundumomin da mutumin ya zauna.

Idan don neman zama ɗan Italiya ta hanyar jini ake binciken, jera ranar rantsuwar kusa da ranar haihuwar ɗan da zuriyar ta biyo ta kansa, don a nan ake gane ko igiyar gadon zama ɗan Italiya ta tsinke. Kuma tun 2025 Italiya ta taƙaita wannan hakki ga waɗanda iyayensu ko kakanninsu na kusa 'yan Italiya ne, saboda haka ka karanta sharuɗɗan ofishin jakadancinsu na yanzu kafin wani ya biya kuɗin kwafi ko ɗaya.