Daga Tekzas zuwa Kalifoniya a motar ƙudan zuma

Da daddare aka yi lodi, don sai rana ta faɗi ƙudan zuma ke komawa gida gaba ɗaya. Aka jera akwatunan kiwo kusan 400 a bayan tirela, aka lulluɓe su da raga, muka kama hanya a ƙarshen Janairu. Duk shekara haka ake kwaso su daga sassan Amurka zuwa gonakin almon na Kalifoniya, inda fure ke buɗewa a Fabrairu, don ƙudan su yi wa furen barbara.

Mai zuman, wani dattijo marar yawan magana, ya ba ni wuri a gaba. Da rana ba ma tsayawa sai dole, domin iskar gudu ce ke sanyaya akwatunan. A Arizona, wurin shan mai, na kara kunne jikin ragar, na ji ƙugi kamar injin niƙa daga nesa, ga ɗumi yana bugun kuncina.

Bayan mun wuce shingen Blythe, a mashigar Kalifoniya, inda jami'an gona suka duba ko mun kwaso jan tururuwa, sai bakinsa ya buɗe. Damuwarsa feshi ce. Nan hira ta kai mu jami'ar Tekzas da ke Austin. A 2018 masu bincike a ɗakin gwajin Nancy Moran suka nuna cewa gilifoset, maganin ciyawar nan da mu ma muke fesawa a gonakinmu, yana rage bakteriya masu amfani a hanjin ƙudan zuma, musamman Snodgrassella alvi, sai cuta ta samu ƙofa. A 2020 kuma suka sauya ƙwayoyin halittar wannan bakteriya, ta riƙa samar da abin da ke kashe Varroa, 'yar kaskar da ke maƙale wa zuma, da kuma raunana cutar da ke nakasa fukafukai. Daga nan fata ya ƙaru cewa za a iya sa bakteriyar hanji ta riƙa warware dafin maganin ƙwari.

Ni dai aikin ya burge ni ƙwarai, amma a ɗakin gwaji aka yi shi, kuma sakin irin wannan halitta a fili yana son taka-tsantsan, tunda zuma ba ta san iyakar gona ba.

Kafin asuba muka sauke kaya kusa da garin Bakersfield a Kalifoniya. Ko shayi dattijon bai sha ba ya tafi neman mai gonar, ya ji ranar da za a yi feshi.