Badamagare a dajin Zazzau

Wanda ya tashi a Damagaram ba ya yarda ciyawa na iya shanye mutum tsaye sai ya yi damina a Zariya. A wajenmu ruwan shekara da ƙyar yake haura milimita 400, nan kuwa yakan kai 1,000. Karatun aikin gona ne ya kawo ni Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. A kasuwa ban sha wuya ba, sai dai dariyar lafazina da 'yan tireda ke yi. A aji ne Ingilishi ya tsaya mini a maƙogwaro, ni da na yi boko da Faransanci. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023, ɗan abin da ake aiko mini daga gida ya yanke, na koma bin wani dattijo ma'aikacin gona ina samun na abinci.

Shi ya nuna mini wani furen daji da masana ke kira Eulophia, ko da yake shi bai damu da sunan ba. Ƙarshen rani ne, an ƙone daji wajen Kufena, ƙasa baƙi ƙirin da toka. Sai ga kara ɗaya tsaye, babu ganye ko guda, furanni masu launin shuni-shuni sun jeru a kansa. Na miƙa hannu zan tona, ya ce, "A'a, ɗana, wannan ba ta zaman tukunya." Gaskiyarsa. Eulophia dangi ne cikin furannin da ake kira okid, masu tsirowa a ƙasa, kusan iri 200, galibinsu a Afirka. Ƙwayar irinsu kamar ƙura take, ba ta da guzuri, sai ta samu wani naman gwari a cikin ƙasa ya ciyar da ita kafin ta tsiro. Saiwar kuwa tana kwance a ƙasa duk rani, wuta ta bi ta kanta ta wuce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yaudararta. Furen ba shi da zuma. Babban ƙudan zuma baƙi mai huda katako yakan sauka da sa rai, ya tashi hannu wofi, amma da dunƙulen garin fure manne a bayansa. In ya kai shi kan wani iri daban da ke fure a lokacin, ana iya samun ruwa-biyu ba tare da hannun mutum ba. A Turai wani dangin okid da ake kira Dactylorhiza sun yi ƙaurin suna da wannan, har masana kan yi gardama kan tsiro guda. A namu ba a cika ganin haka ba, ni dai har yau ina dubawa.

Yanzu duk inda muka ga ɗaya nakan ɗauki hoto in ajiye wurin a waya. Baba yana kallona yana dariya. Rannan ya ce in yi sauri, domin mai filin ya riga ya kawo bulo, baɗi gida za a tarar a nan.