Tabarau mai hannu ɗaya

Wata uku na yi ina fama da wani mutum da ba a taɓa haifa ba. Mai gyaran rediyo ne, ni na ƙirƙire shi, kuma burina in gina masa ɗaki wanda mutane za su shiga da ƙafarsu, su zagaya, su taɓa kaya, su fito suna jin kamar sun san shi. Da farko littafi guda na cika da tarihinsa: shekarar haihuwa, yawan 'ya'ya, abin da ya raba shi da ɗan'uwansa. Da na karanta sai na ga gawa na rubuta, ko numfashi babu.

Aikin Ilya Kabakov ne ya farkar da ni, mai fasahar nan ɗan tsohuwar Tarayyar Sobiyat da ya rasu a 2023. A 1985 ya haɗa wani ɗan tsukukun ɗaki a Mosko, na wani mutum da ya harba kansa sararin samaniya daga cikin gidansa. Bango manne da fastocin farfaganda, a tsakiya ga wani abin zama ɗaure da roba kamar ƙaton danƙon harbin tsuntsu. Rufi ya huje, ƙasa duk ɓaraguzai, sai takalmi a ajiye. Mai ɗakin ba ya nan. Ɗan labarin da ake samu ma daga bakin maƙwabtansa ya fito, kuma ta tsakanin katakai ake leƙawa. A 1988 aka nuna shi a New York cikin jerin mutum goma da Kabakov ya ƙirƙira. A hoto kawai na gani, amma takalmin nan ya hana ni barci.

Washegari na ajiye littafin, na shiga neman kaya. Sukudireba wadda hannunta ya side saboda riƙo. Kujera da katifarta ta lotsa ta gefen hagu, domin na yanke cewa kunnensa na dama ya mutu, da na hagu yake karkatowa ya saurari rediyo. Tabarau mai hannu ɗaya, ɗaya gefen an ɗaure da zare. Wannan zaren ya ci mini yini guda, don sabo ne fes, sai da na dinga murza shi da yatsu masu maiƙo kafin ya yi kama da abin da ya shekara a bayan kunne. Haske kuwa ƙwan fitila ɗaya na bari, rawaya, ya sauko daf da tebur. Rediyo ɗaya na kunna ƙasa-ƙasa tsakanin tashoshi biyu, ba magana sai shuuu.

Duk da haka zuciyata ba ta yarda ba, sai da na manna takardar bayani a bakin ƙofa. Kunya ta kama ni da na ga ba mai karanta ko layi biyu. A rana ta biyu na ɓalle ta.

Abin da ban zata ba shi ne yadda mutane ke rage murya da sun shiga, alhali ba wanda ya ce su yi shiru. Wata mata ta daɗe tsaye a gaban teburin, ta ɗauki tabarau, ta duba, ta mayar daidai inda ta same shi. Da za ta fita ta ce mini, "Ai bai yi nisa ba, tunda ya bar wannan."

Na buɗe baki zan ce mata babu shi, sai na ji kaina ina cewa yanzu zai dawo.